Babban Wa Uba: Dariya da Hawaye a Gidan 'Yan Trotter

A daren 29 ga Disamba 1996, mutum miliyan 24.3 suka zauna gaban talabijin a Birtaniya suna kallon wa da ƙani da lifta ta maƙale da su a wani dogon bene na talakawa. Babu wasan barkwancin da ya taɓa tara 'yan kallo haka a ƙasar. Dariya suka zo yi, kuma sun yi ta, amma a tsakiyar shirin sai aka shafe 'yan mintoci ba mai ko murmushi. Ƙanin ya zauna a ƙasan liftar, muryarsa na rawa, yana maganar cikin matarsa da ya zube, abin da ya kasa furtawa tun ranar da ya faru. Wan yana gefe yana saurare. Da ya ga ƙanin nasa ya amayar da abin da ke cinsa, sai ya miƙe ya taɓa wani abu a allon maɓallai, lifta ta tashi. Ashe shi ya tsayar da ita da gangan, duk masifar da ya yi ta yi kan lalacewarta kuwa shiri ne. A nan dariya ta dawo, kuma ta fi ta farko daɗi.

Sunan shirin Only Fools and Horses, daga wata tsohuwar maganar Turawa mai nufin cewa wawaye da dawaki kaɗai ke aikin wahala. John Sullivan ne ya rubuta shi, tashar BBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1981. Ya yi zango bakwai zuwa 1991, sannan aka ci gaba da fitar da shirye-shirye na musamman a lokutan Kirsimeti har 2003, jimilla kashi 64. A 2004 masu kallo suka zaɓe shi a matsayin wasan barkwancin da ya fi kowane a tarihin talabijin na Birtaniya. Shirye-shiryen ban dariya suna da yawa, kuma da dama cikinsu sukan saka wani wuri mai sosa zuciya don a ce su ma suna da zurfi. Abin da ya bambanta wannan shi ne, abin da ke sa a yi wa jaruminsa dariya, shi ne dai ke sa a tausaya masa. Hali guda ne ake kallo ta fuska biyu.

Jarumin shi ne Derek Trotter, wanda kowa ke kira Del, kuma David Jason ne ya fito a matsayinsa. Ɗan buga-buga ne a unguwar Peckham da ke kudancin Landan, yana sayar da duk abin da ya faɗo hannunsa daga cikin akwati a bakin kasuwa, ba lasisi ba haraji, idonsa ɗaya na kan mai saye, ɗayan na kan ɗan sanda. Motarsa wata rawaya ce mai ƙafa uku, an rubuta mata sunayen birane uku a jiki kamar kamfani mai rassa a duniya: New York, Paris, Peckham. Yana zaune a wani benen ƙaramar hukuma mai suna Nelson Mandela House tare da kakansa da ƙaninsa Rodney, wanda Nicholas Lyndhurst ya fito a matsayinsa, dogo siriri mai taƙama da takardun jarrabawa biyu, na lissafi da na zane. Kayan Del ba sa rasa aibu. A kashi na farko ma akwatunan hannu ya saya masu buɗewa da lamba, sai daga baya ya gano an kulle takardar lambar a cikin kowane akwati. Duk da haka bakinsa bai taɓa mutuwa ba, kullum yana gaya wa Rodney cewa baɗi war haka sun zama miloniyoyi. Yana faɗin haka ne a shekarun Margaret Thatcher, lokacin da marasa aikin yi a ƙasar suka haura miliyan 3, ana kuma gaya wa kowa cewa mai nema yana tare da samu.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wani labari da shirin ba ya barin a manta. Mahaifiyarsu Joan ta rasu Rodney yana ƙaramin yaro, mahaifin kuma ya tattara ya bar gidan. Del, wanda ya girme shi da fiye da shekara goma, shi ya ciyar da shi ya tufatar da shi, ya hana a kai shi gidan marayu. Hausawa na cewa babban wa uba, to Del ya zama uba tun bai gama zama saurayi ba, kuma babu wanda ya tambaye shi ko yana so.

Wuraren da aka fi tunawa da su don dariya duk suna nuna Del yana miƙa hannu inda bai kai ba. A wani kashi na 1982 ya shawo kan wani basarake cewa shi da iyalinsa ƙwararru ne wajen wanke manyan fitilun gilashi masu rassa, irin waɗanda ake ratayawa a rufin falon masu sarauta. Falon na da irin fitilar guda biyu. Del da Rodney suka hau tsani suka ware mayafi a ƙarƙashin ɗaya, kakan kuma ya hau sama don ya kwance ƙusar da ke riƙe da ita. Aka yi shiru, su biyun suka daidaita tsayuwa suna jiran nauyi ya sauko. Kakan ya buga guduma, sai ɗaya fitilar, can a bayansu, ta faɗo ta tarwatse. Mai kallo ya riga ya ga kuskuren kafin su, kuma wannan 'yar tazarar ce ke sa cikinsa ya ƙulle. Da mai hidimar gidan ya shigo a gigice, abin da Del ya fara tambaya shi ne ko sun bar masa adireshinsu ko lambar waya. Da ya ji a'a, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sullivan ya samo labarin ne daga abin da ya taɓa faruwa a wurin aikin mahaifinsa, kuma saboda tsadar fitilar sau ɗaya tak za a iya ɗaukar wurin, don haka aka gargaɗi 'yan wasan cewa kada wanda ya kuskura ya yi dariya.

Na biyun ya zo a Janairun 1989. A lokacin Del ya ɗauki salon samarin da suka yi kuɗi a kasuwar hannun jari, yana yawo da jakar hannu da littafin alƙawura, yana jefa kalmomin Faransanci inda ba su dace ba, har yakan yi gaisuwar isowa a wurin sallama. Ya shiga wata mashayar 'yan gayu tare da abokinsa Trigger, ya hango mata biyu, ya ga kamar sun kula shi. Ya ɗan ɗago daga kantar da ya jingina da ita, a daidai lokacin da ma'aikacin wurin ya ɗaga murfin kantar ya wuce. Del yana cikin ba Trigger shawarar su nuna natsuwa da aji, sai ya koma zai jingina, ya tafi ƙasa a miƙe kamar icen da aka sare, bai ko kai hannu ya tare ba. Trigger ya waiwayo bai gan shi ba, ya shiga dube-dube. Faɗuwar ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, amma har yau tana cikin wuraren da aka fi maimaitawa a talabijin ɗin Birtaniya. A kashin nan ne kuma Rodney ya haɗu da Cassandra, wadda zai aura. Da ta rage masa hanya da dare, kunyar benensu ta sa ya nuna wani katafaren gida a unguwar masu kuɗi ya ce nan ne nasu, ya sauka, ya ƙarasa gida da ƙafa cikin ruwan sama. Ciwo ɗaya ke damun wa da ƙani, kowa da yadda yake ɓoye shi.

Da a ce shirin ya tsaya a nan, da ya zama wasan yi wa talaka mai buri dariya. Abin da ya sauya shi mutuwa ce ta gaske. A Disamban 1984, ana cikin ɗaukar zango na huɗu, Lennard Pearce, wanda ke fitowa a matsayin kakan, ya rasu. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo wani tsoho ya maye gurbinsa, ko a ce kakan ya yi tafiya. Sullivan ya zaɓi ya rubuta jana'iza, aka kuma ɗauke ta 'yan makonni bayan 'yan wasan sun binne abokin aikinsu. Ko a maƙabartar bai bar dariya ba. 'Yan'uwan suka ga wata hula suka ɗauka ta kakansu ce, Rodney ya jefa ta cikin kabari da girmamawa, aka rufe. Bayan sun tafi sai ga limamin coci yana tambaya ko wani ya ga hularsa.

A zaman makoki Del ya yi ta raha da baƙi, yana zuba musu abin sha, yana ba da labarai, kamar ana biki. Wannan ya ƙona ran Rodney, wanda daga baya ya tuhume shi da cewa har ya manta da tsohon. Amsar Del ita ce zuciyar shirin gaba ɗaya. Ya ce shi bai ma fara jimami ba balle ya gama, domin bai san yadda ake yi ba. Tun yana yaro yake fitowa a matsayin mai taurin zuciya saboda babu wanda zai yi in bai yi ba, har ya kai ba ya iya zama wani abu daban. Ya ce iyali sun tsotse shi, sun ja shi baya, ƙarshe kuma sun karya masa zuciya. Ana ɗaukar shirin ne a gaban 'yan kallo, ana jin dariyarsu a kusan kowane kashi, saboda haka shirun da suka yi a wannan wurin ya zama wani ɓangare na wasan. Tun daga ranar mai kallo ya san cewa surutun Del, da zoben zinarensa, da Faransancinsa na bogi, duk sutura ce. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma Del ya shafe rayuwarsa yana koya wa fuskarsa ƙarya. A kashin nan ne kuma ƙanin kakan, Albert, tsohon sojan ruwa mai farin gemu wanda kusan duk jirgin da ya hau sai ya nutse, ya zo jana'iza, dangin da ke riƙe da shi suka gudu suka bar shi. Del ya kore shi, ya ce ya gaji da ɗawainiya, kafin ƙarshen kashin kuma ya dawo da shi gida.

Shekara huɗu bayan haka aka ƙara tsawon kowane kashi daga minti 30 zuwa 50, abin da ya ba Sullivan sarari ya bar labari ya numfasa. Ƙarshen wannan zangon shi ne auren Rodney. Del ya yi masa alƙawarin fam 2,000 na kafin alƙalamin gidan da zai zauna da amarya. Sai aka yi rashin sa'a, wasu 'yan daba biyu, wa da ƙani da ake kira Driscoll, suna bin Del daidai wannan adadin na wasu wayoyin hannu marasa kyau. Kuɗin da ke hannunsa na biyan ɗaya ne kawai. Daren da abokan ango suka taru, Del ya ɓace, Rodney ya dawo gida a fusace yana zaginsa ta bayan ƙofar banɗaki, yana cewa ya saba yin alƙawari ya karya. Daga ciki Del ya gaya masa inda kuɗin suke. Rodney ya ɗauka ya tafi ya kwanta yana murna, sai kyamara ta shiga banɗakin ta nuna jikin Del duk tabon duka. Bai gaya masa ba.

Wurin ɗaurin auren kansa dariya ce, domin an karanto cikakken sunan ango aka ji ashe sunansa na tsakiya Charlton, wanda mahaifiyarsu ta raɗa masa saboda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Charlton Athletic. Bayan an watse daga liyafa, Del ya rage shi kaɗai a zauren, ana jin waƙar Holding Back the Years ta Simply Red, ya ɗauki ɗan mutum-mutumin angon da ke kan kek yana kallo. Yaron da ya rena ya tafi, shi kuma ga shi nan, bai yi aure ba. Sullivan bai bar mai kallo ya daɗe a cikin wannan ba. A fitowa ta gaba Rodney ya taso daga aiki ya shigo tsohon gidansu, ya zube a kujera yana ƙorafin gajiya yana tambayar abinci, sai da Del ya tuna masa cewa ai yanzu ba a nan yake zaune ba.

Kuskure ne a ɗauki Del a matsayin waliyyi, kuma shirin bai ɗauke shi haka ba. Wanda ya riƙi Rodney shi ne kuma ya fi kowa cin moriyarsa. Yana biyansa abin da ya ga dama, yana kiransa sakarai a gaban mutane, kuma duk lokacin da yake so ya tilasta masa wani abu sai ya ce ai mahaifiyarsu ta yi wasiyya da shi a gadon ajali, har Rodney ya lura cewa matar ba ta daina magana ba a wannan ranar. Ya taɓa shigar da zanen Rodney gasar yara, zanen ya ci tafiya hutu tsibirin Mallorca, sai ƙato mai shekara ashirin da wani abu ya shafe hutun yana fitowa a matsayin ɗan shekara 14. A shirin Kirsimetin 1986 ma abin ya wuce wasa, inda Del ya bugu ya tozarta ƙaninsa a gidan wani basarake har ya rasa yarinyar da yake so. Masu kallo da yawa ba su ji daɗin wannan kashin ba, shi kansa Sullivan daga baya ya nuna bai gamsu da shi ba. Amma a shekarar ce kuma wani tsohon aboki ya yi wa Del tayin haɗin gwiwa a kasuwancinsa a Ostareliya, damar da ya shafe rayuwarsa yana jira. Aka hana Rodney biza saboda an taɓa kama shi da tabar wiwi yana ɗalibi, sai Del ya kira ya ce ya fasa. Duk wanda ya tashi a hannun wa ya san wannan cakuɗar, ta mutumin da zai sayar da rigarsa dominka, ya kuma tuna maka da ita har ka gaji. Rodney yana so ya kuɓuta, yana kuma jin nauyin bashin da ba zai iya biya ba, kuma shirin bai taɓa yanke hukunci tsakaninsu ba.

Kashi ukun da aka nuna a Kirsimetin 1996 su suka haɗa komai. A na farko, Del da Rodney suka sa tufafin Batman da Robin za su wani biki da aka ce kowa ya zo da shigar ban dariya. Motar ta mutu a hanya, suka kama gudu a titunan Peckham cikin dare, suka ɓullo daga hazo daidai inda wasu ɓarayi ke ƙwace wa wata kansila jaka, ɓarayin suka arce don tsoro. Suka isa gidan bikin suka banka ƙofa da ihu, sai suka tarar da mutane cikin baƙaƙen kaya, ashe mai gidan ya rasu, zaman makoki ake yi. A kashin nan ne Trigger, mai sharar titi wanda ya shafe shekaru yana kiran Rodney da suna Dave, ya nuna lambar yabon da ƙaramar hukuma ta ba shi saboda ya riƙe tsintsiya ɗaya shekara 20, yana mai bayanin cewa sau 17 kawai aka sauya mata kai, ƙota kuma sau 14. Masana falsafa sun daɗe suna muhawara kan ko abin da aka sauya duk sassansa yana nan a matsayinsa na farko, yau kuma a Birtaniya da yawa sun fi sanin tambayar da sunan tsintsiyar Trigger.

A kashi na biyu Cassandra ta yi ɓari. A farfajiyar asibiti Del ya tsayar da Rodney ya yi masa doguwar nasiha, cewa dole ya daure, kada ya yi kuka a gabanta, domin yanzu dutse take buƙata da za ta jingina. Suka shiga ɗakin, Cassandra ta buɗe baki ta ba da haƙuri, sai Del ɗin ne ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Mai kallo yana dariya idonsa na cike da ƙwalla, bai san wanne ya riga wanne ba. Mutumin da ya ce a 1985 bai san yadda ake jimami ba, ga shi ya koya, kuma a kan rashin ƙaninsa ya koya. Wannan ne ya sa liftar da ta maƙale a kashi na uku take da ma'ana, domin Del ya san abin da shiru ke yi wa mutum, bai so Rodney ya bi sawunsa.

A kashi na ukun ne arziki ya zo. Mahaifin abokiyar zaman Del, mai sana'ar kayan tarihi, ya ga wani tsohon agogon aljihu a cikin tarkacen garejinsu, ya gane aikin John Harrison ne, maƙerin agogon ƙarni na 18 wanda ya samar wa matuƙan jiragen ruwa hanyar sanin inda suke a teku. Rasiɗin da ya tabbatar da cewa nasu ne Rodney ya adana shi shekaru da suka wuce, a lokacin da Del ke yi masa dariyar son rubuce-rubuce. A gidan gwanjo na Sotheby's Del ya ji farashin farko ya suma, Rodney ya ji inda aka kai shi ma ya bi shi. An sayar da agogon fam miliyan 6.2. Bayan motoci da gidaje, sai aka ga Del ya koma tsohon gidansu da dare shi kaɗai, yana tsaye a falon da babu kowa, muryoyin waɗanda suka rasu na dawo masa. Waya ta yi ƙara, wani ya yi masa tayin kaya masu araha, nan take fuskarsa ta washe ya fara ciniki, sai da Rodney, wanda ya biyo shi, ya tuna masa cewa sun daina. Del ya amsa cewa neman ya fi samun daɗi, kuma yanzu bai san abin da zai tashi ya yi da safe ba. Suka fita da Albert suna tafiya a ƙafa, Del yana lallashinsu su zuba kuɗin a kasuwa, wai baɗi war haka sun zama biloniyoyi.

Da yawa suna ganin a nan ya kamata a tsaya. An dawo da shirin a 2001, aka talauta su aka mayar da su benen, kuma kashi ukun ƙarshe ba su kai na baya ba. Sai dai na ƙarshe, na Kirsimetin 2003, ya warware wani ƙulli. Rodney ya ga wani tsohon hoto ya tabbatar da abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa, cewa mutumin da ya gudu ya bar su ba shi ya haife shi ba, mahaifinsa wani ɓarawo ne mai suna Freddie Robdal. Del ya riga ya sani, ya yi shiru don kada ya ɓata masa sunan mahaifiyarsu. Cassandra ta haifi 'ya mace, suka sa mata Joan. A gaban kabarin mahaifiyar Rodney ya tambayi Del ko ya yi kama da mahaifin nasa a hali. Del ya lissafa munanan halayen mutumin ɗaya bayan ɗaya, ya ce masa a'a, ko kaɗan. Daga nan suka shiga motar nan mai ƙafa uku suka kama hanyar gida.